Bukar Mai Tsatsa da Takubbansa

Bukar dai, kun sani, ba ya gaida mutum sai ya gama gaida takobinsa. Ko Bulama mai gari ne ya shigo zauren nan da takobi a rataye, Bukar ba zai dubi fuskarsa ba. Hannu zai miƙa ya ce, "Kawo tsohon nan mu gaisa." Ya zare shi daga kube a hankali, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya ƙyasta masa farce ya kara a kunne, ya shinshina, sannan ya yi abin da ya fi ba mu kunya a gaban baƙi: ya zaro harshe ya lasa. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Na san shi." Bayan duk wannan ne zai waiwayo ya ce, "Af, Bulama, ashe kai ne? Ina kwana?"

Ku da kuka taru sadakar bakwai ɗin nan, babu wanda bai taɓa ganin haka ba. Ni kuwa na fi kowa gani, don uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, taubashina ne, kuma ni ne badukun da ke ɗinka wa takubbansa kube. Saboda haka ku bar ni in yi masa tsiya yau ma, tun da ba zai tashi ya rama ba.

Sana'arsa ta gaskiya fataucin bandar kifi ce, da ɗan noman shinkafa a fadama. Amma kowa ya san bandar nan hanya ce kawai ta zuwa inda tsofaffin takubba suke. In ya kai kaya kasuwar Haɗeja, kafin ya sauke kwando ya riga ya leƙa maƙera, ko wani ya kawo karyayyen takobi a mayar masa da shi fartanya. In ya samu, ya tsuguna ya yi ta magiya kamar mai ceton ɗan'uwa. Haka ya bi Auyo, ya bi Birniwa, ya bi gidajen tsofaffin da mazajensu suka rasu suka bar ƙarfe a ƙarƙashin gado. Gaban rigarsa kullum ja wur, shi ya sa aka sa masa Mai Tsatsa. Har takubba suka cika ɗaki guda, talatin da 'yan kai, kowanne mai baki biyu, kowanne da tarihin da Bukar zai ba ka ko ba ka tambaya ba.

To, mutumin nan mai ɗakin takubba, in za a yanka kaza a gidansa sai an aika a kira ni. Wallahi! Yana ganin jini sai ya ce zai je ya duba ko akuya ta shiga rumbu.

Ya Gana, matarsa, tana jina daga cikin gida, in na yi ƙarya ta yi magana. Shekara da shekaru man shanunta yana ƙarewa ba ta san inda yake zuwa ba. Ta zargi kyanwa, ta zargi yara, har ta daina saye wurin wata Bafillatana wai mudunta ya ƙanƙance. Ashe maigida ne ke lakata yana shafe takubba don kada su yi tsatsa. Ran da ta gane, sai ta bari ya fita. Da ya dawo da hantsi, sai ya tarar da ita zaune a tsakar gida, ta zaro wanda ya fi so, mai layi uku a gadon baya, tana fafe kabewa da shi.

Ina nan a ƙofar gida na ji ihu. Na shiga da gudu, na zaci gobara ce.

"Inna lillahi! Ya Gana! Kin san abin da ke hannunki? Wannan ya ƙetaro hamada a bayan raƙumi! Ya girmi kakanki!"

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Malam, shekara goma yana kwance yana shan man shanuna, bai taɓa ɗauke mini ko tsinke ba. Yau ya yi aikin abincinsa."

"Kabewa fa! Kabewa!"

"To, ai kai ba ka iya yanka da shi ba, bari wani ya gwada ko yana da kaifi."

Bukar ya dube ni, wai in sa baki. Na ce, "Ni dai miya na zo sha."

Ba a yi wata biyu ba muka je kasuwar Haɗeja tare. Wani bafatake ya shimfiɗa tabarma kusa da masu kanwa, ya naɗa rawani har ido, ya ajiye takobi a gabansa mutane sun kewaye shi. Yana ta bayani wai daga Turabulus aka kawo shi, kafin nan ma ya ƙetaro bahar, ga tambarin wata guda biyu a jikinsa masu fuska irin ta mutum. Wani ya ce, "Ga Mai Tsatsa nan, a ba shi ya gani." Bafataken bai san Bukar ba, ya miƙa masa yana murmushi.

Bukar ya ƙyasta, ya saurara, ya shinshina, ya lasa. Ya tofar. Ya sake lasa.

"Na san shi," in ji shi. "Wannan lakar fadamar Auyo ce. Damina ɗaya ya yi a binne don ya yi kama da tsoho."

Bafatake ya ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah! Ka dubi watan nan!"

"Na duba. Hancin watan ya karkace hagu. Na san maƙerin ma, ido ɗaya gare shi, duk abin da ya buga haka yake karkacewa. Ruwan da takobin nan ya taɓa ƙetarewa shi ne Kogin Haɗeja, shi ma da rani."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mutumin ya fara naɗe tabarmarsa yana ƙunƙuni. Sai kawai na ji Bukar ya ce, "Tsaya mana. In ba ka kwandon banda ka bar mini shi?"

Na ja hannun rigarsa. Na ce, "Kai, ka haukace? Yanzu ka gama tona masa asiri!" Ya make mini hannu. Bafataken kuwa ya sungumi kwando ya yi gaba, bai ko waiwaya ba, yana ganin ya haɗu da wawan Haɗeja.

Muna hanyar gida ina ta yi masa ciwon baki, shi ko sai murmushi. Da muka isa ya zauna a nan, wurin da Malam Liman yake zaune yanzu, ya cire ƙotar daga jikin ƙarfen, ya goge ta da toka da tsamiya. Jama'a, sai ga jan ƙarfe ya fito, an yi masa zane siriri kamar saƙar zare, irin aikin da ban taɓa gani ba sai dai ji a bakin tsofaffi.

Ya ce, "Kai baduku ne amma ba ka da ido. Wannan ƙota aikin tsohon birnin Barno ce, tun kafin ya watse. Maƙerin nan ya tsinci zinariya ya maƙala wa fartanya."

Na ce, "To shi ƙarfen fa?"

Ya miƙe ya shiga gida ya miƙa wa Ya Gana da hannu biyu. Ya ce, "Ga naki na kabewa. Don Allah ki ƙyale mini tsofaffina."

Sau ɗaya tak na ga ƙarfe ya ka da Bukar. Wani Alhaji na Kafin Hausa ya dawo daga Makka bayan shekara tara a hanya, aka ce ya zo da wata wuƙa da ba a san irinta ba. Ya yi jinyar wani ma'aikacin jirgin ruwa a Jidda, da mutumin ya warke ya ba shi ita, ya ce daga wani tsibiri take can bayan ƙasar Sin. Bukar na jin labari ya ɗaura wa jaki akumari.

Alhaji ya ce ba ta sayarwa ba ce. Bukar ya ce ai shi gaisuwa ya zo. Ya ci tuwo ya dawo. Mako na zagayowa ya koma gaisuwa. Ya ci tuwo. Haka ya yi ta yi har aka yi girbi. Ran nan Alhaji ya hango jakin daga nesa, ya shiga ɗaki ya fito da ita, ya tare shi tun a ƙofar gari ya ce, "Malam Bukar, ungo. Ka tafi da ita don Allah, ka bar wa iyalina sauran geron."

Na gan ta ranar da ya kawo ta. Tsawonta kamu ɗaya, miƙaƙƙiya, baki biyu, da tudu a tsakiya. Jikin ƙarfen yana da zane kamar na katakon da aka feƙe, kuma a gefen kaifin akwai wani farin layi yana hawa yana sauka, irin shatar da ruwa ke bari a gaɓa in kogi ya janye. Kubenta ba fata ba ce, itace ne, baƙi wuluk yana sheƙi har kana ganin fuskarka. Ƙotar kuwa an lulluɓe ta da wata farar fata mai ƙuraje-ƙuraje kamar an watsa gero. Kuma duk abin nan ƙusar itace guda ɗaya ce ke riƙe da shi. Bukar ya tura ƙusar da tsinke, ƙota ta zame, sai ga gindin ƙarfen baƙi ƙirin da tsohuwar tsatsa, an sassaƙa masa wani rubutu.

Na ɗebo yashi zan goge don mu gani da kyau. Ya yi tsalle ya riƙe ni. "Kul! Tsatsar nan ita ce shekarunta. Ka goge ta ka mayar da tsohuwa yarinya?"

Ya ƙyasta, ya saurara. Ya shinshina. Ya lasa. Muka jira.

Na ce, "To? Ka san ta?"

Ya ce, "Ba ni kwana biyu."

Kwana biyun nan rani guda suka zama. Ya ce farar fatar nan ta kifi ce, kuma abin kunya ne mai fataucin banda ya kasa sanin kifi. Duk masuncin da ya fito da koma sai ya tarar da Bukar a gaɓa yana juya masa kifi ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa tarwaɗa, ya shafa gargaza, ya shafa ragon ruwa. A ƙarshe ya yanke cewa talibambam ne. Ya sa aka feɗe guda, ya shanya fatar, ya tilasta mini in ɗinka ta a ƙotar wata wuƙa mu gwada. Tabɗi! Kwana uku kyanwoyin unguwa suna bin sa har masallaci. Liman na lokacin ya ce ko ya ajiye wuƙar nan a gida ko ya yi salla a waje.

Rubutun ma ya kai wa malamai. Wani ya ce sawun kaza ne. Wani ya juya shi sama ya koma ƙasa ya ce na aljanu ne, a jefa a kogi tun wuri. Sai wani tsohon malami a Haɗeja ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ba Larabci ba ne, ba ajami ba ne. Amma hannun da ya yi shi ya saba. Ina jin sunansa ya sa, don a san aikinsa ne."

Bukar ya dawo gida da la'asar, ya zauna a tsakar gida da ita a cinyarsa. Ina nan, Ya Gana na tankaɗe. Can ya ce, "Ban san ta ba. Ban san kifin ba, ban san rubutun ba, ban san garin ba. Amma maƙerin nan, ko wane ne shi, ya iya. Ashe duniya tana da faɗi."

Ya Gana ta ajiye rariya, ta miƙe tsaye, ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ta ce, "A'a, Malam ne ya ce bai sani ba!"

To, mu zo ga ranar da duk wanda ya kai shekara ashirin a garin nan yake tunawa. Rani ne, kogi ya janye har ana ƙetarewa da ƙafa. Da sassafe wani makiyayi ya shigo da gudu ba sanda ba hula, ya ce mahara ne a kan dawakai, sun ƙone ƙauye biyu a gabas, suna tafe. Ganuwar Haɗeja ta yi nisa, tsofaffi da masu goyo ba za su kai ba. Mazan da ke gari ba su da komai sai fartanya da mashin kamun kifi. Bulama ya zo nan, mu duka muna bayansa.

Bukar ya zauna a ƙofar ɗakin takubba ya miƙe ƙafa ya tare.

Bulama ya ce, "Malam Bukar, ka san abin da ya kawo mu."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan tsofaffi ne. Sun yi yaƙinsu sun gama. Manoma za ka ba? Su yi mini noma da su?"

"In mahara suka shigo, su za su kwashe su."

"Sai su taka ni tukuna."

Na ce, "Za su taka ka kuwa, kuma ba za su ma ji ba." Bai kula ni ba.

Ana cikin haka sai Falmata, 'yarsa, ta fito daga cikin gida. Jego take, kwananta goma sha biyu da haihuwa. Ta goya jaririn, ta ɗora ƙunshin kaya a kai, tana dafa bango don ƙafarta ba ta gama ƙwari ba. Ta tsaya kawai tana duban hanya, tana tunanin ta ina za ta bi. Bukar ya bi ta da ido. Sai ya naɗe ƙafa ya tashi ya buɗe ƙofa.

Amma fa kada ku ce ya canza hali. Kowa ya zo karɓa sai ya sha wa'azi. "Wannan ka riƙe shi da hannu biyu, ƙotar ta yi sanyi. Kai, wanke hannunka, kifi ka taɓa. Kai kuma Modu Dogo, ka ji ni da kyau, kada ka sari komai da shi."

Modu ya ce, "Baba, in maharin ya zo kaina fa?"

"Ka nuna masa. In yana da hankali zai gane ba ƙaramin takobi ba ne."

Ya rabar da su kaf, ya manta bai bar wa kansa ba. Wuƙar tsibirin nan ya ba Falmata ya ce ta soke a zani. Shi kuwa ya ɗauki taɓaryar Ya Gana ya shige gaba, gwiwoyinsa na karo da juna har ina jin su.

Muka gangara gaɓa muka shiga cikin ciyawa, laka har ƙauri. Hantsi ya ɗaga. Can sai ga ƙura, sai ga su a tsallake, sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Suka tsaya suna duban mashigi. Daidai nan Bukar ya waiga ya ga wani ya saki hannu, tsinin takobi na shirin nutsewa a laka. Tsoro ya bar shi nan take. Ya daka tsawa da muryar da ban san yana da ita ba:

"A ɗaga! Kowa ya ɗaga sama! Kada wanda ya bari ya taɓa laka!"

Muka ɗaga gaba ɗaya. Rana na fuskantarmu, ta bugi takubba talatin da 'yan kai da aka shekara ana shafe su da mai. Gaɓar nan ta ɗauki walƙiya daga wannan gefe zuwa wancan. Maharan suka ja linzami. Manoma ba sa riƙe irin waɗannan takubba, kuma manoma ba sa zare su lokaci guda da umarnin mutum ɗaya. Suka ɗauka mayaƙan Haɗeja ne suka yi musu kwanto. Muna kallo babbansu ya yi magana da na kusa da shi, suka juya, ƙurar ta koma inda ta fito.

Ba a zubar da jinin kowa ba. Ko ɗigo. Maza suka zube a laka suna kabbara, wasu na kuka. Ni na nemi Bukar na tarar da shi zaune a ƙasa rungume da taɓarya. Na ce, "Sannu sarkin yaƙi." Ya ce, "Riƙe ni, ƙafata ta tafi."

Daga baya ya riƙa ba baƙi labari wai dabara ce ya shirya tun daga gida. Ya Gana kuma ta ce ba shi ba ne, man shanunta ne ya kore su, kuma har yau ba wanda ya iya musa mata. Da aka dawo da takubba ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Duk lafiya, sai na Modu Dogo, ya sami ɗan gibi a baki. Ashe a hanyar dawowa murna ta kama shi ya sari rake a gonar wani. Damina biyu Bukar bai amsa masa sallama ba. Modu, ga ka nan kana sunkuyar da kai, ai ya yafe maka, ni shaida ne.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk kuben da na ɗinka masa, bai taɓa yaba ko ɗaya ba. In na kawo sai ya juya shi ya ce, "Jakar kanwa ka ɗinko?" Ni ko in ce masa tsofaffinsa ba su cancanci fiye da haka ba. Ranar Larabar nan da ta wuce ta sama, na shiga duba shi bayan azahar. Zazzaɓin ya cinye shi, sai idanu. Ya yafito ni da yatsa. Na matsa.

Ya ce, "Sule."

Na ce, "Na'am."

"Ɗinkin nan naka..."

Na ce, "Na sani, jakar kanwa."

Ya girgiza kai. Ya huta. Ya ce, "Ba laifi."

Na ce, "Shekara talatin, Bukar, ba laifi kawai?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kada kanka ya kumbura."

Muka yi dariya, ni da shi, har tari ya kama shi. Na gyara masa mayafi, na fita, na zagaya bayan rumbu inda ba mai ganina. Washegari da hantsi ya cika.

Jikan nan da aka goya ranar mahara, ga shi can ya zama saurayi, da kakarsa a ciki, da mu duka, muna zaune a garinmu muna cin shinkafarmu. Allah Ya jiƙan Bukar. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Ya Gana da Falmata haƙuri, Ya albarkaci abin da ya bari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da shi a inda babu tsoro. A shafa Fatiha.